Zoben Madam Odet

Sunana Habu, maƙerin fari ne ni. Aikin azurfa da zinare na gada a gidanmu na Haɗeja. Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba, kowa ya san yadda ake barin gida. Ambaliya ta cinye mana shinkafa a fadama, mata kuma sun daina kawo aiki maƙera tun da gwal ɗin Dubai ya cika kasuwa. Abin da nake so a ji shi ne abin da aka yi mini a Faransa, domin har yau in na tuna shi a kan abinci sai in ture kwanon.

Zangona na farko Yamai ne. Na zauna a rumfar wasu Buzaye maƙera, kusa da inda Turawa ke zuwa sayen tsaraba. A nan na tsinci Faransanci a bakin masu ciniki, har ya ishe ni gaisuwa da musu. A nan kuma na haɗu da Musiye Bernar, wani Bafaranshe mai furfura a gefen kunne, mai yawan murmushi. Ya zo da hoton wani zobe ya ce wa zai iya yin irinsa da azurfa. Na yi masa. Da ya karɓa bai kalli zoben sosai ba, hannuwana ya kama yana juyawa kamar mai taya akuya.

Ya ce, "Wannan hannun ɓarna ake yi da shi a nan. Ina da kantin tsofaffin kayan ado a Marseille, can ƙasarmu. Ka zo ka koyi aikin manya, ka samu takardar shaida, ka koma ƙasarku ka buɗe naka."

Shi ya yi mini takardun shiga a matsayin ɗan koyo. Na yi ta sa masa albarka a sallah. Wannan albarkar da na sa masa tana cikin abubuwan da suke ƙona mini rai.

A Marseille ya tarye ni da kansa. A cikin mota ya miƙo hannu ya ce in ba shi fasfona, zai kai ofishi a tsawaita mini izinin zama, kuma a wurinsa ya fi tsira. Na ba shi. Baƙo ko da ido makaho ne.

Kantin yana kan wani titi mai tsabta, gabansa duk gilashi. Amma ba ta gaba ya shigar da ni ba. Ta wata ƙofar baya muka bi, muka sauka matakala zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Teburin aiki biyu, fitilu, katifa a bayan labule, da wata 'yar taga can sama wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai takalman masu wucewa. Ya ce nan ne wurin aikina, nan ne makwancina, kuma kada in hau sama in kanti yana buɗe, don masu saye ba sa son hayaniya.

A ɗakin na tarar da wani tsoho mai suna Agop, wanda kakanninsa suka zo gudun hijira daga wata ƙasa can gabas. Ya tsufa a kan teburin nan. Idonsa ya fara dushewa, hannunsa yana rawa, amma kansa cike yake da sana'a. Baba nake ce masa, ya kuma amsa. Shi ya fara ɗora mini tsohon zoben Faransa a tafin hannu.

Gaskiya zan faɗa, ban taɓa ganin abu irinsa ba. A tsakiya akwai wani dutse da suke kira ofal. In ka kalle shi kai tsaye kamar ɗigon madara ne, amma in ka ɗan karkata shi sai kore ya taso, shuɗi ya bi shi, can ciki kuma wani ja kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Kewaye da shi ƙananan daimon ne, yankan dā, ba masu ƙyalli mai kashe ido irin na yanzu ba, haskensu a natse yake. A cikin zoben akwai wani ɗan hatimi mai kan mikiya, ƙanƙane ƙwarai, shaidar cewa zinaren na gaske ne. Baba Agop ya ce ofal dutse ne mai fushi: ba ya son wuta, ba ya son bushewa, in ka matsa masa sai ya tsage. Ya ce har akwai Faransawan da ke ganin yana jawo rashin sa'a. Na yi dariya na ce ashe su ma suna da camfi.

Na kama koyo da zuciya ɗaya. Bernar yakan sauko da tsohon zobe ya ce in yi irinsa sak. Ya ce kwaikwayo ne, na waɗanda ba su da ƙarfin sayen na asali, kuma a haka ake sayar musu. In na gama sai ya kwashe ya tafi da su wani wuri, ba na sake ganinsu. Ban ga laifi ba, a Haɗeja ma mace takan kawo awarwaron maƙwabciyarta ta ce a yi mata irinsa.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ranar hutu nakan gangara bakin teku in tsaya inda ake sayar da kifi, in shaƙi ƙarni, amma ba ƙarnin kifin koginmu ba ne. Sai in tuna tarwaɗa a kan banda, da matan da ke zuwa da kwando daga ƙauyukan fadama, da hayaƙin da ke kama riga har kwana biyu. Matata Hajara tana da ciki lokacin da na tafi. A waya na ji kukan 'yata na farko. A waya aka raɗa mata suna, ina zaune a kan katifa ina kallon takalman mutane. Da azumi ya zo, wata tsohuwa Balarabiya mai gidan burodi a bayan layinmu ta gane ina azumi, ban san ta yaya ba. Kullum kafin magariba sai ta ƙwanƙwasa ƙofar baya ta ajiye mini kwanon miya mai zafi da dabino. Ba ta taɓa tambayar sunana ba, "ɗana" kawai take ce mini. Allah ya saka mata.

Duk lokacin da na tambayi Bernar zancen takarduna sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ofisoshin ƙasar nan sai haƙuri, Habu. Ana kai."

Wata ranar Lahadi na ce bari in zagaya ta gaban kantin, abin da ban saba yi ba. Na tsaya a gilashin ina kallo. Sai ga zoben da na gama da hannuna kwanan baya, kwance cikin wani tsohon akwati mai karan-miski a ciki. Na gane shi kamar yadda uwa ke gane ɗanta a cikin taro. Amma an dusashe shi, an goge gefensa kamar ya shekara yana yawo a yatsa, an cusa masa datti a lunguna. A gabansa an rubuta cewa wani gwani ne ya ƙera shi a Faris tun zamanin kakannin kakanni.

Na koma ɗakin ƙasa. Washegari na tari Baba Agop da maganar. Ya cire tabaraunsa yana gogewa.

Ya ce, "Ni nake yi masa a dā. Da idona ya gaza sai ya tafi neman wani. Ka ɗauka babu maƙera a garin nan? Akwai. Amma su suna da baki, suna da takardu, suna da inda za su kai ƙara."

Da Bernar ya sauko na ce masa, "Musiye, na ga zobena a gilashi. An ce wani matacce ne ya yi shi."

Ko kunya bai ji ba. Dariya ma ya yi. Ya ce, "Ai yabo ne, Habu. Aikinka ya kai a ce na gwanayen dā ne. In na rubuta cewa wani ɗan Afirka ne ya yi shi makon jiya a ƙarƙashin ƙasa, wa zai ko kalle shi?"

Na ce to ni na daina yin sababbi, gyara kawai zan yi, kuma ina son fasfona. Ya ce zan samu in lokaci ya yi, ya hau sama yana fito. Na zauna ina tunanin mahaifina, wanda ko ɗan kunne ya ƙera sai duk unguwa ta san aikin wane ne. Ni kuwa an ɗauke aikina an ba gawa, an ɗauke sunana an jefa a rami, kuma ana jiran in ce na gode.

Ana cikin wannan zaman doya da manja ne Madam Odet ta zo. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa mai sanda, mai taurin kai. Na jiyo muryarta daga sama tana cewa ita ba za ta bar zobenta ba sai ta ga wanda zai taɓa shi. Bernar ya yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi. Haka ta sauko matakalar nan da ƙyar, yana biye da ita yana murmushin dole. Da ta gan ni ta ɗan ja da baya, na lura. Sannan ta daure ta zare zoben ta miƙo.

Ofal ɗin da ke kansa ya fi duk wanda na taɓa gani. Babba ne, jan cikinsa kamar yana numfashi. 'Yan haƙoran zinaren da ke riƙe da shi sun cinye, dutsen yana motsi, saura kaɗan ya faɗi. Ta ce na kakarta ne. Ta ce uwarta ta ɗinke shi a cikin kalmasar riga lokacin yaƙi, sun kwana da yunwa ba su sayar ba. Yanzu jikarta za ta yi aure, tana so ta sa mata shi da hannunta kafin ta mutu.

Ta dube ni ta ce, "Za ka kula da shi?"

Na ce, "Zan kula da shi, Madam."

Ƙofa ba ta gama rufuwa a bayanta ba Bernar ya dawo da wata 'yar takarda a naɗe. Ya warware a kan teburina: wani ofal na roba da aka manna wa siririn dutse a sama, da 'yan ƙwayoyin gilashi.

Ya ce, "Ka ciro nata ka sa waɗannan. Idonta ya mutu, jikar kuma ba ta san komai ba. Nata ka ajiye mini."

Na ce, "Wannan sata ce."

Ya ce, "Sata? Kai da izinin zamanka ya ƙare tun bara kake kiran wani ɓarawo?"

A nan na san ko ƙofar ofishin bai taɓa zuwa ba. Da gangan ya bar takarduna suka mutu, don in zama abin da yake so: hannu ba baki. Ya ce zai yi tafiya wajen gwanjon kaya, in ya dawo yana son ya tarar da duwatsun a aljihun tebur, in ba haka ba waya ɗaya ga 'yan sanda ta ishe shi.

Bayan ya fita Baba Agop ya ce, "Ɗana, kana da jaririya a gida. Ba wanda zai zarge ka."

Na ce, "Baba, na ce mata zan kula da shi."

Na gyara zoben kamar ban taɓa gyara wani abu ba. Na ciro ofal ɗin a hankali na kwantar da shi a auduga mai danshi don kada wuta ta taɓa shi, na gina sababbin haƙora, na mayar da shi, na matse kowane daimon a gurbinsa. Baba Agop yana gefe yana gaya mini inda zan sassauta. Robar da gilasan na bar su a takardarsu.

Ranar da za ta karɓa, Bernar ya dawo da hantsi. Ya buɗe aljihun tebur ya ga wayam. Ya fara zagi ke nan ƙararrawar kanti ta buga, tsohuwar ta zo da wuri. Kafin ya juya na ɗauki zoben na riga shi hawa matakala. Ranar ce farkon shigata kantin nan da rana.

Na sa mata zoben a hannu na ce, "Madam, duk duwatsunki ne, ba a canja ko ɗaya ba. Mutumin nan ya ce in cire in sa miki na roba, na ƙi. Ki tafi da shi, kada ki sake kawo komai nan."

Na ɗauka za ta gode, ko ta juya ta tambaye shi. Jakarta ta rungume a ƙirji, ta matsa kusa da Bernar. Kusa da shi fa! Shi kuwa ya sassauta murya ya ce mata ta yi haƙuri, yaron ba shi da lafiya a kai, ya taimake shi ne ya ba shi aikin shara, tun kwanaki yake lura kaya suna ɓacewa. Ya ɗauki waya a gabanta.

'Yan sanda suka zo. Ba su tambaye ni komai ba sai da suka jingina ni da gilashin kanti, fuskata a manne, suka lalube ni har cikin safa, mutane suna tsayawa kallo. Ba su sami ko ƙwayar zinare ba. Suka ce takardu. Na ce suna wurinsa. Bernar ya buɗe hannuwa ya ce shi bai taɓa riƙe wa kowa fasfo ba. Na ce su sauka ƙasa su ga teburina, su ga katifata. Ɗayansu ya leƙa ya dawo ya ce ya ga tsoho yana aiki. Aka sa mini ankwa. Ni da na hana sata, ni aka fita da shi a ɗaure, ɓarawon yana tsaye a ƙofa yana rarrashin wadda ya so ya sata.

Zango na gaba wani gida ne mai waya a kan katanga, inda ake tara waɗanda za a kora. Ba sa kiransa kurkuku, amma ƙofarsa daga waje ake kulle ta. Na tarar da mutanen Mali, da na Gini, da wani Bahaushen Damagaram da ya ji ina salati da Hausa ya taso ya rungume ni kamar ɗan uwarsa. Shi ya raba bargonsa da ni, shi ya riƙa tilasta mini cin abinci.

Aka haɗa ni da wata lauya, yarinya mai kirki amma a gajiye. Na kwashe komai na gaya mata. Ta tafi ta yi bincike, ta dawo ta zauna tana kallon tebur. Ta ce Madam Odet ta kai zoben wajen wani masani, ya duba ya ce duk duwatsun na asali ne, gyaran ma ya yaba.

Na ce, "To, kin gani!"

Ta ce, "Shi ne matsalar. Zoben lafiya lau yake, ba a cire komai ba, don haka babu laifin da za a kama shi da shi. Da ka canja duwatsun, da muna da shaida."

Wato da na yi satar, da doka ta saurare ni. Da na ƙi, sai ƙin nawa ya zama wankan da ya wanke shi. Na ce zobban da ya jera a gilashin kanti fa? Ta ce an je, babu su, ya kwashe. Tsohuwar kuma ta ce ita ba ta son shiga rigima, bikin jikarta ne a gabanta. A gida ana cewa ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda na gani a Marseille yana da matakala da fitila da ƙofar baya.

Mutum ɗaya ne ya zo duba ni: Baba Agop, da sandarsa, ya hau motoci har wajen gari. Ya zaro fasfona daga aljihun kwat. Ya ce a ƙasan akwatin Bernar ya samo shi, kuma ya bar aikin. Na ce ko zai faɗa wa hukuma abin da ya sani. Ya sunkuyar da kai ya ce, "In na tona shi na tona kaina, ɗana. Ba ni da sauran shekarun da zan yi a kurkuku." Na ji haushinsa, ba zan ɓoye ba. Amma da zai tafi ya danƙa mini awartakinsa da 'yan magagaransa a naɗe cikin fata, ya ce a ajiye mini a wurin masu gadi, sai na kasa riƙe haushin. Ya kama kaina ya sumbaci goshina, ya fita bai waiwayo ba.

Fasfon da ya kawo shi ya sauƙaƙa musu korata. Jami'ai biyu suka raka ni har cikin jirgi, ɗaya a dama ɗaya a hagu, fasinjoji suna satar kallona suna janye jakunkunansu.

Na iso Haɗeja da damina, kogi ya cika ya tumbatsa. 'Yata tana tafiya da ƙafarta, ta gan ni ta ɓuya a bayan uwarta. Hajara ba ta tambaye ni tsaraba ba, ruwan wanka ta kai mini. Amma gari ba Hajara ba ne. A majalisa ana cewa Habu ya je Turai ya dawo da awartaki.

Wanda ya fi ƙona ni yayana ne, Sale, wanda ya riƙe gidana duk tsawon tafiyar. Bayan na ba su labari a zaure, ya ce, "Yanzu kai saboda dutsen wata tsohuwa da ko sunanka ba ta sani ba ka zubar da komai? Ita tana can tana biki, mu muna nan muna auna tsaba."

Na ce, "Yaya, da na yi, da wane hannun zan ɗauki 'yata?"

Ya ce, "Da hannun da ya kawo mata abinci." Ya tashi ya shige gida.

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Washegari da sassafe na ɗauki lauje na bi shi fadama, inda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwan gonarmu. Muka shiga ruwa har ƙugu muna yanka. Kafin rana ta take tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, jini yana bin ƙotar laujen. Na ci gaba, don na rantse ba zai ji na yi ƙorafi ba.

Sale ya tsaya. Ya kamo hannuna ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Sannan ya fizge laujen ya cilla shi kan tudu.

Ya ce, "Fita daga ruwan nan. Mabuɗin maƙerar babanmu yana ƙarƙashin tabarmata. Gobe in ji ƙarar guduma."